Juya Kwalbar Ki Karanta Bayanta: Yadda Ake Tantance Kayan Shafa

Na daɗe ina yi wa amare ƙunshi a nan Tawa, kuma sana'ar ta koya mini karatun hannu. Kafin mace ta buɗe baki, hannunta ya gama gaya mini abin da take shafawa: bayan hannu jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi sun fito raɗau kamar an ja su da alƙalami. Kwanaki aka kawo mini wata yarinya, saura kwana huɗu a ɗaura mata aure. Na kama damtsenta zan juya hannun, sai na ga nankarwa mai faɗin yatsa, ga yarinyar da ko ɗakin miji ba ta shiga ba. Na ce, "Ɗiyata, me kike shafawa?" Ta ce, "Wallahi Inna ba bilicin nake ba. Haɗi ne na gyaran fata, wata Hajiya ke yi, jika uku robar." Ta ciro robar daga jaka. Fara fat, ko harafi ɗaya babu a jikinta.

Ba ƙarya ta yi mini ba, iya saninta ke nan. Abin da za mu ci muna shinshinawa, mu tambayi mahauci yaushe aka yanka. Amma abin da za mu mulka daga goshi har diddige, safe da dare, shekara da shekaru, sai mu dubi hoton matar da ke jikin kwali mu biya. Fata kuwa ba leda ba ce. Tana tsotsar wani abu daga abin da aka ɗora mata, musamman in jiki duka aka shafe, cikin zafi da gumi, ko a wurare masu laushi irin fuska, hammata da matsematsi.

Ki ware awa guda da hantsi, lokacin da haske yake sosai. Ki shimfiɗa tabarma, ki kira ɗan lakwal ɗin gidan ya zauna kusa in ƙananan haruffa na ba ki wahala.

Mataki na farko: zazzage kwandon

Kwaso komai. Na gaban madubi, na cikin jaka, sabulun makewayi, man yara, tsarabar da maigida ya zo da ita daga Abijan ko Lome, da wanda aka sayo miki daga Konni ko Kano. Ki raba su kashi uku: masu cikakken rubutu, masu suna da hoto kawai ba jerin sinadarai, sai marasa rubutu sam.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, don shi ya fi yawa a ɗakunanmu. Na ga ana haɗa shi da idona. A juye babban man jiki a roba, a matse ƙananan tub na maganin fata uku ko biyar, a tsiyaya wasu ƴan kwalabe na ruwa mai ƙarfi, a ƙara turare, a buga da cokali har ya yi laushi. Ba ma'auni, ba awo. Na wannan wata daban, na wata mai zuwa daban. Mai haɗin ba lallai muguwa ba ce. Sau tari ita ma shi take shafawa, ita da ɗiyanta. Amma ba ta san abin da ke cikin ƙananan kwalaben ba, ke ma ba ki sani ba, likitan da za ki je wurinsa gobe ma sai dai ya yi canke. Wannan cinikin biri a sama ne. Duk abin da ba shi da rubutu, ki ware shi gefe, ko wace ce ta ba ki. Haka sabulun da ake dakawa a turmi a zuba masa ruwayen da ba a faɗi sunansu ba. Kalmomin "bio", "naturel" da "organik" da ake yi wa kaya kirari da su a WhatsApp ba shaida ba ne, kowa na iya furta su.

Kashi na biyu ma ya bi sahun na uku. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba ya ɓoye abin da ya zuba.

Mataki na biyu: karanta bayan kwalba

Gaban kwalba na mai talla ne, bayanta naki ne. Ki nemi inda aka rubuta Ingrédients ko Ingredients. Sunayen da ke biye iri ɗaya ne kusan a duk duniya, bisa wani tsari da ake kira INCI, don haka ko kayan daga Faransa suka fito ko daga Najeriya, haruffan ba sa canzawa. Ba sai kin iya furta su ba, kwatantawa kawai za ki yi.

Ana jera su daga mai yawa zuwa maras yawa, har a kai ga waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Shi ya sa galibi aqua ke farko, wato ruwa. In an zana ƙaton karas ko gwanda a gaba, amma sunansa na can wutsiyar jeri, to ɗan ɗigo aka sa. Ki tambayi kanki: in ba karas ɗin ke aikin ba, mene ne ke yi?

Kada dogon suna ya firgita ki. Butyrospermum parkii man kaɗe ne, namu na gida. Petrolatum baslin ne. Tocopherol bitamin E ne. Glycerin na riƙe wa fata ruwa, abokin tafiyar hunturu. Haka kuma kada kalmar "daga ƙasa aka samo" ta kwantar miki da hankali, don dalma da zaiba ma daga ƙasa ake haƙo su.

Sai ki duba suna da adireshin wanda ya yi kayan, lambar rukuni da ake rubuta wa Lot, da ranar lalacewa. Akwai wani ɗan zane na buɗaɗɗen gwangwani mai 6M ko 12M a ciki: watanni ke nan da kayan za su yi bayan kin buɗe. Kayan Najeriya su zo da lambar NAFDAC, hukumar da ke kula da abinci, magunguna da kayan shafa a can. Ganin lambar bai isa hujja ba, tunda masu jabu ma suna bugawa, amma rashinta ya isa ki ajiye. Rubutun da ke gogewa da yatsa, kuskuren haruffa, murfin da bai zauna daidai ba, duk alamun jabu ne.

Maganar da ake yawan yaɗawa cewa sinadarin paraben na da illa, ga gaskiyarta a taƙaice. Duk man da ke da ruwa a ciki yana buƙatar abin da zai hana shi ruɓewa, aikin paraben ke nan. Tarayyar Turai ta haramta iri biyar na paraben a 2014, ta bar wasu irin su methylparaben da ethylparaben bisa ƙayyadadden awo. Masu saurin ƙaiƙayi sun fi samun matsala da parfum, wato turare, da kuma methylisothiazolinone, shi ma mai hana ruɓewa, wanda Turai ta hana sa shi a man da ke kwana a jiki tun 2017. In kin ga butylphenyl methylpropional, sinadarin ƙamshi ne da suka hana a 2022 saboda fargabar illa ga haihuwa. Waɗannan duka a lura da su, amma ba su ne ke kwantar da matanmu a asibiti ba. Masu kwantarwar na tafe.

Mataki na uku: sunaye uku da za ki haddace

Launin fatarmu daga wani sinadari ne da jiki ke yi da kansa, melanin. Shi ne rumfar da Allah ya yi mana daga rana, kuma wadda ta san ranar Adar a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta san ba ƙaramar rumfa ba ce. Duk man da zai sauya miki launi cikin sati ɗaya ko biyu, rumfar nan yake yayewa, kuma kusan kullum da ɗaya daga cikin abubuwa uku yake yi.

Na ɗaya hydroquinone. Yana hana ƙwayoyin fata yin melanin. Likitan fata kan rubuta shi da ƙarfin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a ɗiga kan tabo kaɗai, na ƴan watanni, tare da kariya daga rana. Mu kuwa jiki duka ake mulkawa, shekaru. Ƙarshensa shi ne wannan baƙin mai shuɗi-shuɗi da kike gani a saman kumatu, gefen ido da bayan wuya, wani lokaci da ƙananan gudaji kamar tsaba. Likitoci na ce masa okronosis, kuma yana da wuyar magani ƙwarai. Abin tausayin, mace na ganin baƙin sai ta ƙara yawan man, shi kuma ya ƙara kama ta. Afirka ta Kudu ta hana shi a kayan kwalliya tun 1990, Turai a 2001. Kodebuwa a 2015 ta haramta man da ya wuce kashi 2 cikin 100, haɗe da masu zaiba da kortizon, dangin maganin da zan faɗa na biyu. A Amurka tun 2020 sai da takardar likita. Ga wata ƴar alama: man da ke da shi kan koma ruwan ƙasa a bakin murfi in iska ta taɓa shi.

Na biyu su ne kortikoyid, ƙananan tub ɗin nan da ake matsawa cikin haɗi. Ki nemi clobetasol, betamethasone, dexamethasone, fluocinonide, sau da yawa da 0,05% a gefe. Waɗannan ba kayan kwalliya ba ne, magani ne na gaske, mai ƙarfi, na cututtukan fata masu kumburi da ƙaiƙayi, wanda ake shafawa a ɗan wuri na ƴan kwanaki ko makonni. Hasken da suke sawa illar maganin ce, ba aikinsa ba: suna tsuke ƙananan jijiyoyin jini, su sa fata ta yi siriri. Daga nan nankarwa mai faɗi wadda ba ta gogewa, ƙurajen fuska, gashi a haɓa, jijiyoyi a fili. Suna kashe garkuwar fata, sai makero da ƙazwa da kyasbi su samu gona, su bazu a cinya da ƙirji su ƙi jin magani. Rauni ya daina warkewa da wuri. Ki tuna da wannan in haihuwa ta zo da tiyata, don fatar da ta yi siriri ba ta riƙe ɗinki da kyau. Abin bai tsaya a fata ba. In ana shafa shi a jiki duka, yana shiga jini ya kawo hawan jini, ciwon suga, kumburin fuska da tara kitse a ƙeya da ciki. Mace ta ga ta yi ɓulɓul ta yi haske, a ce hutu ne ya karɓe ta, alhali ciwo ne. Likitoci a Dakar sun lura cewa masu ciki da ke shafa masu ƙarfin nan kan haifi jarirai marasa nauyi.

Na uku zaiba, wadda ake rubutawa mercury, mercure, calomel, mercurous chloride, chlorure mercureux ko Hg. Ita ce ta fi mugunta, kuma ita ce ba a cika rubutawa ba. Tana taruwa a jiki ta ci ƙoda, ta taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: karkarwar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi, jin yatsu sun mutu. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana fita a ruwan nono. Kuma ba mai shafawa kaɗai take kamawa ba. Tana manne wa tawul, zanen gado, matashin kai, da kumatun jaririn da kika rungume. Akwai yarjejeniyar duniya a kanta, ta Minamata, sunan wani gari a Japan da zaibar masana'anta ta nakasa mutanensa a shekarun 1950. An amince da ita a 2013, ta ƙayyade kada zaiba ta wuce miligiram 1 a kilo ɗaya na kayan shafa, sannan a 2023 aka yanke a hana ta gaba ɗaya daga 2025. Duk da haka gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun sha gano man da ya ninka wancan awo sau dubbai. Ba a gane ta da ido ko hanci, sai ɗakin gwaji. Amma in kin ga takardar mai ta ce a cire zobe da sarƙa, kada ya taɓa zinari, azurfa ko alminiyam, ki yi nesa da shi.

Ƙari biyu a gurguje. Mai ciki ko mai neman ciki ta guji tretinoin da danginsa na retinol, waɗanda ake shafawa don ƙuraje da gyaran fata. Allurar haske ta glutathione kuwa, da ake yi wa mata a ɗaki, kada ki miƙa jijiyarki. Garin neman gira ake rasa ido.

Mataki na huɗu: in kwali ya yi shiru, fata za ta ba da shaida

Masu jabu ba sa rubuta gaskiya, don haka ki tsaya gaban madubi da rana ki amsa wa kanki. Na yi haske cikin ƙasa da wata ɗaya da fara man nan? In na bar shi kwana uku, fuskata na yin ja, da zafi, da ƙuraje? Yatsuna da gwiwoyina sun fi sauran jikina duhu sosai? Rana na ƙona ni yanzu fiye da da? Ɗan ƙarce kaɗan na zama rauni? Akwai nankarwa a damtse, ƙirji ko bayan gwiwa da ba ta ciki ba ce? "E" guda biyu sun isa ki ɗauka akwai ɗaya daga cikin ukun nan, ko me kwalin ya ce.

Mataki na biyar: yadda ake bari

Nan ne mata da yawa ke faɗuwa, don ba wanda ya gaya musu abin da zai biyo baya. Hydroquinone da zaiba a daina su yau, nan take. Kortikoyid kuwa, in an yi watanni ana shafa shi a jiki duka, ba a yanke shi rana ɗaya. Jiki yana da nasa kortizon da wasu ƴan halittu a saman ƙoda ke yi. In ya daɗe yana samun na waje sai ya rage yin nasa. Aka yanke kwatsam, mace na iya faɗuwa da kasala mai tsanani, jiri, amai da faɗuwar jini. Ragewa ake yi sannu a hankali, kuma ma'aikacin lafiya ne zai tsara. Tunda haɗi ba a san cikinsa ba, a ɗauka akwai kortikoyid a ciki.

Ki ɗaure robar da tub ɗin a leda ki tafi da su asibitin unguwa, ko babban asibitin jiha a nan Tawa. In abin ya yi nisa za su tura ki ga likitan fata, ko da a Yamai ne. Ki faɗi gaskiya: tun yaushe, sau nawa a rana, wane ɓangaren jiki. Ki roƙa a auna jininki, a duba suga, a gwada fitsari. Fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa ko fuska da safe alamar ƙoda ce, ba a jira da ita. Mai ciki ta gaya wa ungozoma a awon farko, ba kunya a nan.

Ki shirya wa watanni masu wuya. Fata za ta yi duhu, wataƙila fiye da asalinta na ɗan lokaci, ta yi ƙuraje, ta yi ƙaiƙayi. Mutane za su yi magana, wata za ta tare ki a gidan suna ta ce, "Lafiya kuwa? Ko maigidan ya daina cefane?" Ki daure. Sabulu maras ƙarfi, man kaɗe mai kyau ko baslin a jiƙaƙƙen jiki bayan wanka, mayafi ko lema in za a fita da rana, da man kariyar rana mai lambar SPF 30 ko sama in da hali. Ban da dirza da soso mai kaushi, ban da lemun tsami a fuska. Don tabon ƙuraje akwai abubuwa masu sauƙin illa, irin niacinamide da azelaic acid, a farmasi ake neman su. Aikinsu a hankali ne, tabo suke ragewa, ba sa sauya launin mutum.

Maigida, kai ma da kai nake. In kai ne ke sayowa, ko kai ne ke yaba hasken wata a gabanta, to rabin maganin na bakinka.

Abin da aka ware kada a ba ƴar aiki ko ƙanwa, kada a ƙona, kada a zuba kusa da rijiya ko inda yara ke tonon shara.

Mataki na shida: lalle, kwalli da gashi

Lalle sana'ata ce, don haka bari in fara da kaina. Shekarun baya na yi wa wata amarya zanen baƙin lalle har gwiwar hannu. Ya kama cikin rabin awa, ya yi kyau, kowa na yabo. Bayan sati aka aiko in zo. Duk inda na ja layi ya tashi bororo, fure-fure, ganye-ganye, daidai yadda na zana, yana tsiyayar ruwa. Uwarta ba ta ɗaga mini murya ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, dubi hannun ɗiyarki." Tun ranar ban ƙara taɓa shi ba.

Lallen gaskiya ganye ne. Garinsa kore, ƙamshinsa na ɗanyen haki, yana son awoyi kafin ya kama, kuma launinsa daga ruwan goro zuwa ja mai duhu. Ba ya yin baƙi. Abin da ke baƙi wuluk cikin mintuna rinin gashi ne mai sinadarin p-phenylenediamine, a taƙaice PPD. A Turai an yarda da shi a rinin gashi kaɗai, kada ya wuce kashi 2 cikin 100, kuma an hana ɗora shi a fata. Sharrinsa ba ya fitowa a ranar. Yakan ɗauki kwana biyu har zuwa sati biyu. Kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada: ranar da matar ta rina gashi, fuska da fatar ido na iya kumbura. "Ai na sha yi ban ga komai ba" ba kariya ba ce, don jiki kan yi shekaru yana haƙuri kafin ya juya. Garin PPD guba ne mai kisa in aka haɗiye, yana kumbura maƙogwaro ya kashe ƙoda, saboda haka mai ajiye shi ta sa inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ki tambayi mai ƙunshinki kai tsaye me ta zuba, ta nuna miki kwalin. Jarirai kuma a bar su ba lalle ko na ganye ne, don akwai masu wata larurar jini ta gado da ake kira G6PD, wadda lalle ke iya fasa musu ƙwayoyin jini.

Kwalli magana ce mai nauyi, na sani. Mun gaje shi, kuma yana da daraja a addini da al'ada. Ba wannan nake jayayya da shi ba. Dutsen da ake sayar mana nake magana a kai. Mai ƙyalƙyalin nan da ake niƙawa, sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 an gano dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston na Amurka, aka bi sawu har zuwa kwallin da ake sa masa, aka auna aka samu kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mun ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin niƙan dutsen zinari a gidaje. Ta kwalli ba ta kisa haka farat ɗaya, a ɓoye take aiki: yaro ya murza ido ya tsotsi yatsa, hawaye ya gangara da ita ta hanci zuwa maƙogwaro. Cikin yaro na tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, tana rage kaifin ƙwaƙwalwa da jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani awo nata da ba ya cutarwa. Kada a sa wa jariri kwallin dutse a ido, a gira ko a cibiya. In kaka ce ke sawa, ba da faɗa ake yi ba: "Inna, don Allah a ɗaga masa kwallin nan, likita ta ce na yanzu ana samun dalma a ciki." Ke babba, musamman mai ciki da mai shayarwa, ki koma ga fensirin ido mai jerin sinadarai, baƙinsa za ki ga an rubuta CI 77499.

Man miƙar da gashi kuma soda ce mai ƙuna, sodium hydroxide. Wanda aka rubuta wa sans soude, wato ba soda, yana da calcium hydroxide da guanidine carbonate, shi ma yana ƙonawa. Kada a sa a ranar da aka tsefe kitso ko aka sosa kai. A zagaye goshi, kunne da ƙeya da baslin, a shafa a sabon tsiro kaɗai, a duba agogo bisa abin da takarda ta ce. Wannan magana ta "daure, zafin ne ke nuna yana ci" ita ta cinye wa mata da yawa gashin gaba; da kin ji raɗaɗi a wanke. A bar aƙalla sati takwas tsakani. In ya shiga ido, ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan asibiti. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2022, kan mata sama da 33,000, ya nuna masu miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran haɗarin kansar mahaifa. Bai tabbatar man ne sanadi ba, amma ya isa a rage. Kan yara mata kuwa a bar shi da kitso.

Mataki na bakwai: sabon kaya da ajiya

Duk sabon mai, ko mai tsada ne daga farmasi, ki gwada shi tukuna. Ɗan kaɗan a cikin lanƙwasar hannu, sau biyu a rana, kwana bakwai zuwa goma. Ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje, a bar shi. Rinin gashi a bi gwajin awa 48 da ke takardarsa, kowane karo. Kada ki fara sabbin abubuwa biyu tare, don in ɗaya ya yi ɓarna ba za ki san wanne ba.

A kasuwa ki lura da inda kayan ke zaune. Man da ya wuni kan tebur ko baro a rana sinadaransa sun fara lalacewa tun kafin ki biya. A gida ki sa su a inuwa, nesa da taga da rufin kwano. Wanda ya rabu ruwa daban mai daban, ko warinsa ya juya, ya gama. Kada a ƙara wa abin ido ruwa ko yawu in ya bushe, kuma abin ido da jan baki ba a aro, ko a gidan biki. Ta nan ciwon ido ke zagaye ƙawayen amarya. Hoda kuma kada a bunƙa ta kusa da hancin jariri.

Uwar amarya, gyaran jiki a fara shi da wuri, da abin da aka san asalinsa: dilka da kurkur da aka haɗa a gabanki, man kaɗe, lallen ganye da kika ga an kwaɓa. Ki tsaya a wurin lokacin haɗawa, ki ga kowace kwalba da za a buɗe, wadda ba ta da rubutu ki ce a mayar da ita jaka. Daga saura sati biyu biki, kada a ɗora wa yarinya wani abu da fatarta ba ta taɓa sani ba.